Kan Shafukan da Na Yanke

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da sanyin makwanci. Mu nan unguwar New Bell muna nan yadda kika bar mu. Kawunki Sale yana nan, ƙafar ce dai take damunsa. Ruwa bai ɗauke ba tukuna. Kwatar bayan gida ta cika sau biyu, amma bai shigo ɗaki ba.

Yau wata biyar da kwana shida. Ina cin abinci, ina barci. Ina fita da tanda da safe kamar kullum, waina tana ƙarewa kafin ƙarfe goma. Mata suna cewa Allah ya ba ni dangana. Ban sani ba ko dangana ce. Tun ranar da aka zo aka ce mini babbar mota ta buge bensikin, babur ɗin hayar da kike kai, a wajen PK 14, nake jin kamar an nannaɗe ni da auduga. Ana magana ina ji, ina amsawa, amma kamar daga nesa.

Ba don wannan na ɗauki waya ba. Na yi wa aikinki ɓarna, kuma na fi so ki ji daga bakina. A shafinki na intanet nake rubutawa, na san ƙawayenki na makaranta za su karanta. Su karanta. Wasunsu sun riga sun ji rabin labarin, gara su ji shi duka. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji shida na tsaya.

Bari in fara da abin da na fahimta na aikin, don ki san ina sauraron ki a lokacin.

Wata safiyar Lahadi kina zaune kusa da murhu kina cin fasassun waina, na tambaye ki mene ne kike yi a labo ɗin nan, ɗakin bincikenku na jami'a, shekara da shekaru. Kika ce alkol ne, sinadarin da ke cikin giya, wanda kuke kira etanol, irin wanda ake samu daga rake ko rogo. Ana haɗa shi da ruwa a tafasa su zama tururi, a tura tururin cikin wani siririn bututu mai tsananin zafi. A cikin bututun akwai wani gari da kike haɗawa da hannunki, mai nikel a ciki. In tururin ya ratsa garin sai alkol ɗin ya wargaje, wata iska ta fito, idrojen, wadda ake iya samun wutar lantarki da ita.

Na ce to ai an riga an san haka, me ya rage kuma? Kika ce, "Inna, kowa ya san ƙullu yana zama waina. Tambayata ita ce da wane sauri. In an ƙara wuta, saurin ya ƙaru da nawa? In an ƙara ruwa fa? Wanda zai gina babban inji ba zai gina shi da wataƙila ba."

Na ce garin nan kamar kanwa ne ke nan, ana sa ta wake ya yi saurin nuna. Kika girgiza kai da waina a bakinki. Kika ce kanwa tana tafiya cikin waken a cinye ta, shi kuwa garin ba ya tafiya. Ya fi kama da tanda. A kansa ake yin abin, a kwashe, a zuba wani, shi yana nan. Sai dai yana yin baƙi kamar tandar, gawayi ya riƙa taruwa a kansa har aikin ya fara ja da baya. Rabin wahalarki, in ji ki, sanin yaushe ne saurin ya ragu saboda wuta, yaushe ne kuma saboda baƙin.

Kawunki bai taɓa barin maganar alkol ɗin ta wuce ba. Kina shigowa zai ce, "Injiniyar bilbil ta dawo." Ke kuma ki ce, "Kawu, ni fa rugurguza giya nake yi, lada ya kamata ka roƙa mini." Ya ce, "Ladan a kwalba za a ba ki?" Haka kuke yi kullum. Yana alfahari da ke a majalisa, amma abin bai taɓa kwanta masa gaba ɗaya ba. Ni ma in zan faɗi gaskiya haka ne. Na fi so ki wanke hannu kafin ki taɓa mini ƙullu, kuma kina wankewa ba tare da na ce ba.

Kayenki, littattafan da kike rubuta aikin a ciki, uku ne, manya masu baƙin bango. Ranar da abin ya faru kin bar su a gida saboda ruwa, kwamfutar kawai kika ɗauka a jaka. An kawo mini jakar. Kwamfutar ba ta ƙara tashi ba, masu gyara biyu sun gwada.

Tun kina aji uku ba kya fara shafi sai kin rubuta Bisimilla da Larabci a sama. Babanki, Allah ya jiƙansa, shi ya koya miki. Ba ki daina ba har jami'a. A kayen nan ma kowane shafi da ita a samansa. A gefenta, a layi ɗaya, akwai kwanan wata da wata lamba mai ɗan zagaye ƙarami a kafaɗa. Ƙasa kuma lambobi ne layi layi har gindin shafi.

Bayan addu'ar arba'in Solange ta zo, ƙawarki ta unguwar Ndogpassi wadda kuke labo ɗaya. Ta cire takalmi tun daga ƙofa, ta ce "Ashiya, Mama," irin ta'aziyyarsu, ta zauna a tabarma. Ta ce farfesanku yana so a ƙarasa aikin a buga shi, sunanki a gaba, don abin da kika auna yana da kyau, bai kamata ya mutu a akwati ba. Kayen kawai suke buƙata. Na ce ta dawo Asabar.

Da ta tafi na nuna wa Kawu. Ya buɗe, ya ga sunan Allah a kowane shafi, ya rufe. Ya ce, "Wannan zai je inda ake zuba giya a kwalabe? A ajiye shi a benci, wani ya taka, wani ya ɗauka ba alwala?" Bai ce in yi komai ba, kada in ɗora masa. Ni ce na zauna da maganar har washegari.

Bayan azahar na ɗauko almakashin ɗinki. Na ce lambobin suke so, lambobin zan ba su, sunan Allah kuwa ya tsaya a gida. Na riƙa kama shafi huɗu ko biyar ina yanke samansu, faɗin yatsa biyu. Na ga kwanan watan da lambar mai zagaye suna tafiya tare da yankin. Na ɗauka lambar shafi ce ko wani abu makamancin haka. Ban ji komai ba ina yankawa. Hannuna yana aiki ne kawai, kamar ina gyaran zogale.

Yankin kaye na farko na zuba su a sabon kasko na ƙona, na binne tokar a gindin katanga inda ba a takawa. Sai hadari ya taso, na kwashe shanya. Yankin na biyu da na uku na tara su a gwangwanin madara na rufe, na ce gobe. Gobe ta zo ban yi ba. Ba wani tunani ne ya hana ni ba, mantawa na yi.

Asabar na ba Solange kayen a leda. Ta yi godiya, ba ta buɗe ba.

Litinin da rana ta dawo. Ta zauna a inda ta zauna wancan karon, ta ciro kaye ɗaya ta buɗe a cinyarta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, a hankali don in gane Faransancin, "Mama, ina kan shafukan?"

Na gaya mata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce lambar nan mai zagaye ita ce zafin bututun a ranar. Lambobin ƙasa suna nuna yawan iskar da ta fito da saurin fitowarta, amma in ba a san a wane zafi aka auna su ba, ba su ce komai ba. Da saurin da zafin ake ja wani layi a takarda, karkatar layin ita ce amsar da kika shekara uku kina nema, wato yawan ƙarfin da ake buƙata kafin abin ya fara tafiya. Na'urar labo ba ta ajiye zafin. Da hannu kike rubutawa.

Na ce ai shafukan a jere suke, a bi su daga ƙaramar wuta zuwa babba. Ta ce a'a. Da gangan kike cakuɗa su. Yau ɗari shida, gobe ɗari huɗu da hamsin, jibi ɗari biyar da hamsin, don kada baƙin da ke taruwa a kan garin ya yaudare ki, ki ɗauka zafi ne ya canza saurin. Ta ce a labo ɗin kaf ke ce mai wannan taka-tsantsan, har suna yi miki tsiya a kai.

Na ce to mai ilimi ba zai kalli lambobin ya gane zafin ba? Ta ce zai iya cinta, amma abin da ake nema ke nan, ba a ɗauko amsa a gina tambaya da ita. Na tambaye ta shafi ɗaya aikin minti nawa ne. Ta ce wuni ne, Mama. Daga safe har la'asar, in kuran, wutar lantarki, bai tafi ba.

Kaye na farko shafi sittin da ɗaya ne. Ya ƙone kafin ruwan shayi ya tafasa.

Abin da ya zo mini a lokacin, kuma bai bar ni ba har yau, shi ne wannan: kayen nan shekara uku suna zuwa labo ɗin a hannunki, da Bisimillar a kansu. A can kike rubuta ta, a kan bencin, kafin ki kunna wuta. Kin san inda kike, kin san abin da ke cikin kwalaben, kuma kin fi ni karatun addini. Ni ban tsaya na yi wannan tunanin ba ko sau ɗaya. Na je ina kare sunan Allah daga wurin da ke kika kai shi da kanki.

Na tashi na ɗauko gwangwanin. Solange ta buɗe, ta ga yankin a ciki kamar taliya, ta rufe fuskarta da hannu. Na tsaya ina kallon ta tana kuka. Na kawo mata ruwa.

Tun daga ranar aikina ke nan bayan na tashi daga tanda. Ina shimfiɗa yankin a babban tire, in buɗe shafi, in riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Allah ya sa hannuna ba ya yanka a miƙe, kuma almakashin yana da ɗan tsagi a baki, kowace yanka da irin karkatarta. Wannan yana nuna mini waɗanda na yanke tare. A cikinsu kuma sai in nemi wutsiyar harafi da ta sauko ta tsallake yankar, ko launin biro, don wani lokaci shuɗi ne wani lokaci baƙi. Solange ta ce kada in manna sai alama biyu sun yarda da juna. Tana zuwa duk Asabar ta duba, ta ɗauki hoto da wayarta. Kayen ba su ƙara barin gida ba. Kawu da ya ga haka ya ce ashe hoto ma ya isa tun farko. Shi yake sayo sikoc, salatif ɗin mannawa, ya ajiye a bakin ƙofa ya wuce.

Yanzu na san rubutunki fiye da lokacin da kike raye. Bakwai ɗinki tana da ɗamara. In kin gaji lambobin suna kwanciya gefe. A gefen wasu shafukan kina rubuta 'yan maganganu da Hausa, wataƙila don kada a karanta. "Kuran ya tafi, a sake." "Garin ya yi baƙi da wuri." Wani wuri kin rubuta, "Yunwa." Akwai shafin da na gane yankinsa da ɗigon mai, rabi a sama rabi a ƙasa. Na shinshina. Man gyaɗana ne. Na manna, na ɗauki na gaba.

Farfesan ya ce kaye na farko ya tafi, sai dai a sake. Akwai sauran garin da kika haɗa a wata 'yar kwalba, Solange za ta yi amfani da shi ta sake, ƙari a kan nata aikin da bai ƙare ba. Amma ya ce in kaye biyun nan suka cika, za a iya tura aikin kafin ƙarshen shekara, a bar na farkon ya biyo baya. In ba su cika ba sai an jira, kuma wata ƙungiya a wata ƙasa tana aiki a kan gari irin naki. Wanda ya riga bugawa shi ake ambata.

Na haɗa duka sai biyar.

Biyar ɗin nan a yanka ɗaya na yanke su, bakinsu iri ɗaya ne sak. Biro ɗaya, shuɗi. Ba wutsiyar harafi, ba ɗigon mai, ba komai. Kwanan watan ma bai taimaka ba. Wani sati ne da kika manta kayen a gida kika yi a fallayen takardu, daga baya kika manna su ciki ba a jere ba, Solange ta tuna. Yanki biyar, shafi biyar, zafi biyar daban daban. Kowanne yana zama a kan kowanne. Kuma Solange ta ce su ne na ƙarshen layin, waɗanda ke riƙe da karkatarsa.

Sati biyu ina juya su. Na ɗaga su a rana, na duba bayansu ko biron ya bar sawu. Na aro gilashin Kawu.

Ranar Alhamis da ta wuce na manna su. Zuwa lokacin na ɗan fara gane lambobin, na san in wuta ta yi yawa lambar layi na uku tana girma. Sai na jera su a haka, babba da babba, ƙarami da ƙarami. Suka zauna daidai, ba mai cewa an taɓa raba su. Na rufe kayen na sa a akwati. Na ce Asabar zan ce mata na ga alama. Ta yarda da ni, ba ta ƙara duba nawa sosai kamar da. Aikin zai tafi, sunanki zai fito, ba wanda zai sani har abada.

Kwana biyu kayen yana akwati. Ban ji nauyi a ƙirji ba, kada in yi miki ƙarya. Na yi tuya, na yi wanki, na je gaisuwar rasuwa a unguwar Nylon na dawo.

Asabar Solange ta zo ta buɗe, ta ga biyar ɗin a manne. Fuskarta ta washe. Ta ce, "Mama, kin fi mu duka. Da me kika gane?" Ta ɗaga wayar za ta ɗauki hoto.

Na kalli shafin. Rubutunki ne a sama da sunan Allah, rubutunki ne a ƙasa, sikoc ɗina a tsakiya. Na tuna wata rana kin dawo da magariba kin ce aikin wuni ya tafi a banza, don ba ki tabbata ko kin rufe wani famfo da kyau ba. Na ce wa zai sani? Kika ce, "Ni." Kika ci tuwo kika kwanta, washegari kika sake shi daga farko.

Na sa hannu na rufe shafin. Na ce mata ban gane da komai ba, cinta na yi.

Ta sauke wayar. Sannan ta ciro biro ja ta ba ni, ta ce in ja layi a kan kowanne daga kusurwa zuwa kusurwa, kamar yadda kike yi wa shafin da ba ki yarda da shi ba. Na ja. Ban taɓa layin sama ba. Ta rubuta a gefe cewa ba a san zafin ba, ta sa kwanan wata, ta ce in sa hannu. Na sa. Sunana ya shiga kayenki ke nan.

To, haka ake ciki, Uwani. Aikin ba zai tafi bana ba. Solange za ta sake biyar ɗin tare da na kaye na farko, ta ce wata huɗu in garin ya isa, in bai isa ba sai ta haɗa sabo ta bi yadda kika rubuta. Wataƙila waɗancan mutanen su riga ku. Farfesan ya ce ko sun riga, sunanki yana nan a gaba a kan abin da aka samu. Ban san ko hakan ya isa ba. Na ƙona miki wuni sittin da ɗaya, na ɓata miki biyar, na kusa sa miki ƙarya a kai. Abin da ya rage a kayen naki ne, kamar yadda kika auna shi.

Ban san yadda ake neman gafarar wanda ya riga ya tafi ba. Malamai sun ce a yi masa addu'a da sadaka, ina yi. Amma ina so in faɗa miki kai tsaye, kamar kina zaune a bakin murhu. Ki yafe mini, 'yar nan. Da niyyar alheri na yi, kuma na san niyyar ba ta mayar da ko shafi ɗaya ba.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi. Allah ya karɓi kowace Bisimilla da kika rubuta, wadda ke nan da wadda na ƙona. Ya saka wa Solange da alheri, ya ba ta lafiya da haƙurin wannan aiki, ya tsare ta a kan hanyar nan da take bi kullum. Ya haɗa ki da babanki a Aljanna, mu kuma ya kyautata namu zuwan. Amin.

Ki huta lafiya.

Ni ce mahaifiyarki,
Inna, daga New Bell